Ciwon gaɓoɓina ya tafi da ina da ciki, na haihu ya dawo, in sake ɗaukar wani cikin ne?

Ga saƙon da wata 'yar uwa ta turo, na ɗan rage tsawonsa:

"Anti salam, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekarata 27, shekara uku kenan da likita ya ce ina da ciwon gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke kawowa, rumatoid. Ina kan magani na samu ciki aka canza min wani, to daga wajen wata huɗu sai na ji kamar an zare min ƙaya, ciwo ya tafi, da kaina na ajiye maganin ban ma koma wajen likitan ba. Na haihu lafiya, wata biyu da rabi sai gashi ya dawo har ya fi na da. Da safe yatsuna sai sun kusa awa ɗaya kafin su lanƙwasu, maɓallin rigar yarona ma ba na iya sawa. Maigida ya ce lokacin da nake da tsohon ciki ina aiki kamar inji, yanzu da na sauke nake cewa ba zan iya ba, wai son jiki ne. Ƙawata ta ce shayarwa ce ke tada shi in yaye yaron, watansa huɗu. Ni kuma wallahi tunanin da nake in sake samun ciki ko na huta. Magani kuma tsoro nake ji saboda nono. Ki bani shawara."

Wa'alaikis salam ƙanwata, sannu, Allah ya raya yaro ya baki lafiya. Na karanta saƙonki sau biyu, wajen maɓallin rigar nan ne ya tsaya min a rai, dan na san yanda abun yake, yaro na kuka yana harba ƙafa ke kuma kina tsaye kansa da yatsun da suka ƙi jin maganarki, abun da bai fi sakan biyar ba ya zama aiki.

Bari in fara da maganar maigida tunda na san ita ta fi miki ciwo. Abun da ya gani da idonsa gaskiya ne, kin yi ƙarfi da ciki kin kwanta bayan haihuwa. Fassarar da ya ba abun ce ta kauce. Wannan tsarin da kika faɗa, sauƙi a tsakiyar ciki, dawowa wata biyu zuwa uku bayan an sauka, likitoci sun daɗe da saninsa, yana cikin littattafansu tun kafin a haifi iyayenmu. A 1938 wani likita mai suna Philip Hench a asibitin Mayo na Amurka ya rubuta cewa matan da ke zuwa wajensa da irin ciwonki suna miƙewa in suna da ciki, su koma ruwa bayan sun haihu. Abun ya dame shi sosai har ya ce lallai akwai wani sinadari da jiki ke yi a lokacin wanda ke kwantar da ciwon, ya yi ta bin sawun abun shekara da shekaru, a 1948 suka yi wa wata matashiya da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka bashi kyautar Nobel shi da wasu mutum biyu. Kinga kenan abun da ake ce miki son jiki, irinsa ne ya buɗe hanyar da aka samo ɗaya daga cikin manyan magungunan duniya. Ki faɗa masa haka in kin samu fuska.

To me ke faruwa a ciki? Ciwonki ai kin san asalinsa, sojojin jiki ne da aikinsu kashe ƙwayoyin cuta suka ruɗe suka koma dukan 'yar fatar da ke lulluɓe da gaɓoɓi ta ciki, shi ne kumburin da zafin da sanƙarewar safe. Shi kuma ɗan da ke ciki, rabinsa na ubansa ne, wato a wajen sojojin nan baƙo ne. Da ƙodar mijinki za a dasa miki ba tare da magani ba jikinki zai ƙi ta, amma gashi kin ɗauki ɗansa wata tara lafiya lau. Wani masani ɗan Ingila, Peter Medawar, shi ya fito da wannan tambayar ƙarara a 1953, ya ce ya akayi uwa ba ta korar ɗan tayi. Wani babban ɓangare na amsar yana wajen homon, wato sinadaran saƙo da jiki ke zubawa cikin jini.

Da ciki ya shiga, firojestaron ke fara hawa, da farko daga ƙwan mace yake fitowa, wajen sati 8 zuwa 10 sai mabiyiya ta karɓi aikin, kafin a kai ƙarshe ya ninka abun da ake samu a wata na al'ada kusan sau goma. Istirojin ma haka ya yi ta hawa ba tsayawa. Kotizol, wanda ɗan uwan kotizon ɗin can ne amma jikinki ke yinsa, shi ma ya ninka sau biyu zuwa uku. Su ƙwayoyin garkuwa suna da wajen karɓar saƙon waɗannan homon ɗin a jikinsu, kamar dai waya da layi, saƙon ya shigo su canza hali. Masu zafin kai da ke hura kumburi sai su lafa, wasu kuma da aikinsu raba faɗa ne, masu cewa "ku bari, namu ne", sai su ƙaru. Duk dan a kare ɗan ake yi, gaɓoɓinki sun ci albarkacinsa ne kawai.

Kar ki ɗauka wai garkuwar mai ciki kashe ta ake yi gaba ɗaya, yanda wasu ke faɗa. Canza mata tsari ake yi, kuma tsarin ma ba iri ɗaya bane daga farko zuwa ƙarshe. A satuttukan farko da ɗan tayi ke neman wajen maƙalewa jiki na buƙatar ɗan kumburi a mahaifa, a tsakiya komai ya kwanta, in naƙuda ta zo kumburin ya sake tashi dan shi ke taimakawa a buɗe hanya. Shi yasa ba tun watan farko kika ji daɗi ba sai wajen wata huɗu. Kuma wannan canjin yana da kuɗinsa, shi yasa mura mai tsanani da zazzaɓin cizon sauro suka fi kada mai ciki.

Sai ranar haihuwa. Mabiyiya na fita, masana'antar ta rufe. Homon ɗin da suka ɗauki wata tara suna hawa, cikin 'yan kwanaki sun faɗo ƙasa warwas. Sojojin da aka riƙe wa hannu aka sake su, ga rashin bacci, ga ɗaukar yaro dare da rana, ga ki ba magani a jiki tun wata huɗun ciki. Ai ba mamaki ya dawo da ƙarfinsa. Kuma ba ciwonki kaɗai ke wannan halin ba, akwai cutar da garkuwa ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, a 1998 an bi mata 254 masu ita a Turai, a wata ukun ƙarshe na ciki tashinta ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100, a wata ukun farko bayan haihuwa ya yi sama ya wuce na da. Labari ɗaya ne da naki, gaɓa ce kawai ta bambanta.

Yanzu maganar sake ɗaukar ciki. A'a ƙanwata. Ban ga laifinki ba da kika yi tunanin, wanda ya ɗanɗana wata biyar ba ciwo bayan shekara biyu yana fama dole ransa ya biya, amma kayan aro ba ya rufe katara. Lissafa da kanki, sauƙin bai fara ba sai wata huɗu, kin samu wata biyar zuwa bakwai na hutu, sannan ki dawo inda kike yanzu sak, sai dai wannan karon da jariri a hannu da wani mai rarrafe yana jan zaninki, da yatsun nan dai. An gudu ba a tsira ba kenan.

Sannan sauƙin ma ba alƙawari bane. Da can ana cewa mata uku cikin huɗu ke samu, amma da aka zo aka bi mata a Holan ana auna gaɓoɓinsu da jininsu tun daga farko har ƙarshe, sakamakon ya fito a 2008, sai aka ga kusan rabi ne suka samu sauƙin kirki, kuma kusan huɗu cikin goma ciwon ya tasar musu bayan haihuwa. Akwai ma wani abun mamaki da wata likita J. Lee Nelson da abokan aikinta suka gano a 1993, wai sauƙin ya fi zuwa in tambarin ƙwayoyin jikin ɗan ya bambanta sosai da na uwar, wato ba homon kaɗai ke aikin ba, shi kansa ɗan da abun da ya gado wajen ubansa suna da hannu. Kowane ciki kuma da nasa rabon gadon. Ki ɗora da wannan, in aka shiga ciki ciwon na ci, an fi samun haihuwa kafin lokaci da jariri mara nauyi, ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya shawararta a bar wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani, wannan ga mai lafiya ƙalau ma kenan. Ban ce kar ki ƙara haihuwa ba fa, masu irin ciwonki na haihuwa lafiya, amma a kwantar da ciwon tukuna da maganin da ya dace da ciki, sannan a shiga da shiri.

Abun da ya fi tada min hankali a saƙonki ba cikin bane ma, wata ɗaya da rabi ɗin nan da kika yi ciwo na ci ba magani. Shi rumatoid ba zafi kaɗai yake ba, kumburin in ya daɗe yana cin guringuntsi da bakin ƙashi a hankali, kuma abun da ya ci ba ya dawowa. Yatsun da kike gani sun karkace a hannun wasu tsofaffin masu ciwon, shekarun da aka yi ana haƙuri ne suka karkatar da su. Dan haka satin nan ki koma wajen likitan da ya san fayil ɗinki. Na san kunya kike ji dan kin ajiye magani ba da saninsa ba, ki aje kunyar a gefe, ba ke ce ta farko ba, ki faɗa masa gaskiya tiryan-tiryan, ranar da kika daina, ranar da ya dawo, minti nawa yatsu ke yi kafin su saki da safe, gaɓoɓi nawa suka kumbura. Ki ma rubuta a waya kafin ki je dan in an zauna gaban likita mantuwa ake yi.

Tsoron magani saboda nono kuma, kin yi daidai da kika tsaya kika tambaya, amma labarin ya fi yanda kike zato daɗi. Akwai magungunan ciwon nan da aka yarda mai shayarwa ta sha, irinsu haidiroksikulorokwin da salfasalazin, da firednisolon in kaɗan ne, in ya wuce miligiram 20 a rana akan ce a jira awa huɗu bayan an sha kafin a ba yaro nono. Aibufurofen ma ya halatta ga mai shayarwa dan rage zafi, sai dai shi zafin kawai yake ragewa baya hana ɓarnar. Har cikin alluran zamani masu toshe sinadarin kumburi akwai waɗanda ake ba masu shayarwa. Wanda ba a haɗa shi da nono ko ciki shi ne metotireksat, da wani lefulunomaid, su kam suna iya nakasa ɗan tayi, duk mai shansu sai da tsarin tazarar haihuwa mai ƙarfi, kuma sai an daina da lokaci kafin a nemi ciki. Shi yasa nake roƙonki in kina da ragowar tsohon maganinki na kafin ciki a durowa, kar ki ɗauko ki ci gaba da kanki, ki kai wa likita kwalin ya gani. Na faɗi sunayen nan ne dan ki san akwai hanya, ki iya tambaya, shi zai zaɓa bayan ya duba jininki da hantarki. Shi firednisolon ɗin ma a kula, daɗinsa yaudara ne, kwana biyu zaki ji kin koma sabuwa, amma in aka daɗe ana sha ba lissafi yana cinye ƙashi, ya tada suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya.

Ita ƙawarki ba daga sama ta ɗauko maganarta ba. Firolaktin, homon ɗin da ke kawo ruwan nono, yana cikin masu zuga garkuwa, wannan haka yake. Amma matan da ko sau ɗaya basu sa yaro a nono ba su ma ciwon na dawo musu bayan haihuwa, dan babban dalilin faɗuwar homon ɗin ciki ne, kuma wannan ya riga ya faru, yaye ba zai maida mabiyiya ba. Ki yaye ɗan wata huɗu, ki raba shi da antibodin da yake sha a nononki masu kare masa hanji da maƙogwaro, sannan ki tashi da safe yatsu na nan a sanƙare, wa gari ya waya? In ta kama dole sai maganin da bai haɗuwa da nono ne zai riƙe ciwon, to wannan magana ce daban, ke da likita da maigida ku zauna, kuma in hakan ta faru ba ki gaza ba, yaro ya fi buƙatar uwa mai hannu.

Wani abu da nake so ki roƙa a haɗa in za a ɗebi jini, gwajin tayirod, 'yar tsokar nan da ke gaban wuya. Kusan mace ɗaya cikin ashirin garkuwarta na taɓa ta a shekarar farko bayan haihuwa, ta wannan hanyar dai da na faɗa miki, kuma mai cutar garkuwa ɗaya ta fi kusa da samun ta biyu. Alamunta na ɓoyewa cikin gajiyar jego, faɗuwar gaba da zufa da rama da farko, daga baya kasala da jin sanyi da nauyin jiki, kowa sai ya ce ai mai jego ce. In kuma kin ga kuka na zuwa miki ba dalili, ko yaron ma ba kya jin daɗinsa, shi ma ki faɗa, ciwo da rashin bacci da gori in suka haɗu suna karya zuciya kuma akwai taimako. Gaɓa ɗaya tak in ta yi ja ta yi zafi rau ga zazzaɓi, wannan ba a jira ranar kilinik, ranar ake tafiya.

Mu koma kan maigida, dan magungunan da ke hana ɓarnar sai sun ɗauki satuttuka kafin su kama, wasu har wata biyu uku, kuma a wannan tsakanin hannunsa kike buƙata. Ni ban ɗauke shi mugu ba, mutum ne da ya ga abu biyu da basu haɗu a kansa ba. Namiji bai san wannan hawa da saukar a jikinsa ba, nasa homon ɗin, testostiron, kusan a miƙe yake tafiya kuma yana cikin masu danne garkuwa, shi yasa cikin masu cututtukan da jiki ke yaƙar kansa kusan huɗu cikin biyar mata ne, a rumatoid mata uku namiji ɗaya, a lufus, wata cutar garkuwar ita ma, tara cikin goma mata ne. Garkuwarmu ta fi tasu kaifi, ko rigakafi aka yi jikin mace ya fi yin antibodi, kaifin ne wani lokacin ke yankan mai shi. (Lufus ɗin ma kinga ita ba ta bin tsarin naki, ciki na iya tada ta, dan haka duk mai karanta wannan da lufus kar ta ce ai an ce ciki na kawo sauƙi.)

Kar ki tsaya musu da shi da rana tsaka lokacin da hannu ya saki kina wanke-wanke, ba zai gane ba. Da asuba zaki tashe shi, ki miƙa masa hannun ya taɓa ƙullin yatsun ya ji ɗuminsu, ki ce ya matsa a hankali ya ga yanda suke kamar an cusa ruwa, ki gwada dunƙulewa a gabansa ya ga inda suka tsaya, in zoben da ke shiga da can ya ƙi wuce gaɓa ki nuna masa. Sannan ki ce ya raka ki asibiti, ya shiga ɗakin, ya ga lambar kumburi a takardar gwajin jini, ya ji daga bakin likita. Abun haushi ne amma sau da yawa maganar da mace ta yi wata guda tana faɗa, mai farar riga na faɗa sau ɗaya an yarda. Ki yi amfani da hakan kawai. Kuma kar ki ce masa "ka taimaka min" a dunƙule, ki yanka masa aiki, awa ɗayan farko na safiya nasa ne, shi zai ɗauko yaron ya canza masa famfas ya sa masa kaya ya kawo miki shi kan filo, ke kuma kina zaune hannu cikin ruwan ɗumi kina motsa yatsu ɗaya bayan ɗaya har su saki.

Rigunan masu ƙananan maɓallai ki tattara su gefe tukuna, ki nemi masu zif ko waɗanda ake zurawa ta kai. In zaki ɗaga yaron kar ki sa manyan yatsu ƙarƙashin hammatarsa ki cira, nan ne wuyan hannu ke mutuwa, ki zura damtse ɗaya ƙarƙashin bayansa ɗayan ƙarƙashin ɗuwawunsa ki jawo shi jikin ƙirjinki. Wajen shayarwa filo ya ɗauki nauyinsa, hannunki tokare kawai.

In kin dawo daga asibitin ki turo min abun da aka ce da sunan abun da aka rubuta miki, kuma ki tambayi likitan wane tsarin tazara ne ya dace da ke yanzu, dan shayarwa kaɗai ba abun dogaro bace da zarar yaro ya fara cin wani abu ko al'ada ta dawo.